'Yan mazan jiya, to ina matan jiya?

An sake taruwa ranar 15 ga Janairu a dandalin tunawa da sojoji da ke daura da Eagle Square a nan Abuja, kamar yadda aka saba duk shekara. An busa begila, manya sun ajiye furanni ɗaya bayan ɗaya gwargwadon muƙami, an yi harbin ban girma, an saki fararen tattabaru, kowa ya shige motarsa. Da yamma gidajen rediyo suka kawo labarin da kalmar da muka tashi muka tarar: an yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya. A cikin masu ajiye furannin akwai wakiliyar matan sojojin da suka kwanta dama, kuma wurin nata ne, ba mai ja da ita. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a idon yawancinmu wannan ne kaɗai gurbin mace a irin wannan rana: wadda aka mutu aka bari. Macen da ita ce ta sa kakin, aka ba ta lamba, ta yi fareti, ta shekara ashirin ko talatin tana karɓar oda tana bayarwa, ko suna harshenmu bai tanadar mata ba.

Na san amsar da za a ba ni, cewa jarumai ake nufi da mazan jiya, kalmar ta game kowa. Da ta game kowa da an gani a ƙasa. Tun 1961 ake da mace mai anini a kafaɗa a rundunar sojan ƙasa ta Najeriya, shekarar da aka ba Josephine Tolefe, ma'aikaciyar jinya da ta yi karatu a Ingila, muƙamin ƙaramin laftanar, ta kuma kai kyaftin a 1963. Yau sama da shekara sittin ke nan. Waɗanda suka biyo sawunta sun tsufa, da yawa sun rasu, wasu suna nan tare da mu a Nyanya da Mararaba da Kubwa da Dutsen Alhaji, muna haɗuwa da su a kasuwa da gidan biki ba mu san abin da suka yi a rayuwa ba. Shiga duk majalisar da ka ga dama a Zuba ko Karu ka ce a lissafa maka tsofaffin sojoji biyar na unguwa. Za a lissafa maka goma, har da wanda ya shekara uku aka kore shi, amma da wuya a ambaci mace ko ɗaya.

Rayuwar Manjo Janar Aderonke Kale ta isa misali, kuma yadda muka yi da labarinta bayan rasuwarta shi ne ainihin abin da nake ƙorafi a kai. Ta rasu a Landan ranar 8 ga Nuwamba, 2023, tana da shekara 84. Abin da ya yi ta yawo a wayoyi layi biyu ne: ita ce mace ta farko da ta zama manjo janar a sojan Najeriya, kuma ita ce mahaifiyar Yemi Kale, tsohon shugaban Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Duka biyun gaskiya ne. Amma na farko muƙaminta ne, na biyu ɗanta ne, aikin da ta yi da hannunta bai shigo ba.

To ga aikin. Ta karanta likitanci a Ibadan, ta ƙware a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan, sannan ta shiga soja a 1972. A dubi shekarar da kyau. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970. Rundunar da ba ta wuce mutum kusan 10,000 ba kafin yaƙin ta kumbura ta kai wajen 250,000. Mafi yawansu samari ne da aka ɗebo daga gona da tasha da aji, aka ba su horo na gajeren lokaci aka tura su daga, suka dawo bariki da abin da idonsu ya gani. Wanda ya san bariki ya san yadda irin wannan ciwo ke fitowa. Mutum ya daina barci, taya ta fashe a titi ya kwanta ƙasa, ya koma wa kwalba ko wiwi, ya riƙa jibgar matarsa, wata rana ya ɗaga bindiga a kan wanda ya fi shi igiya. A wancan zamani da wuya a kira wannan cuta. Rashin ɗa'a ake ce masa, maganinsa gadurum, ko a ce jifa aka yi wa mutum a kai shi ƙauye. Likitar da ta shigo irin wannan runduna da ilimin ƙwaƙwalwa ita ce za ta zauna ta rarrabe wanda magani da hutu za su ishe shi, da wanda za a sauya wa aiki a raba shi da makami, da wanda za a sallama bisa dalilin lafiya da haƙƙinsa a hannu, maimakon a kore shi haka nan ya ƙare a bakin tasha.

Daga nan ta shugabanci asibitocin soja a Ibadan da Enugu da Benin, ta zama birgediya a 1990, manjo janar a 1994, ta riƙe ragamar sashen lafiya na rundunar sojan ƙasa baki ɗaya. Mai wannan kujera shi ke da alhakin kowane asibitin runduna, daga manyan nan biyu, na 44 a Kaduna da na 68 a Yaba, har zuwa ƙaramin ɗakin shan magani na bataliya. Shi zai san wane likita za a tura ina, wane magani ya ƙare a sito, da yadda kwamitin likitoci ke auna naƙasar sojan da ya rasa ƙafa ko ido, tunda a kan wannan awon ake lissafa abin da za a biya shi. Kuma shekarun nan su ne shekarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Yammacin Afirka. Tun Agustan 1990 sojojinmu ke Laberiya, masu rauni suna dawowa gida, hannun sashenta suke faɗawa. Duk wannan aka naɗe shi cikin kalmomi uku, mace ta farko.

Wannan kirari na mace ta farko ya zame mana hanyar rufe littafi tun ba a buɗe shi ba. Itunu Hotonu, mai ilimin zanen gine-gine, ta kai muƙamin riya admiral a sojan ruwa a 2012, aka ce ta farko, aka wuce. Blessing Liman 'yar Zangon Kataf ta zama matuƙiyar jirgin soja, aka ce ta farko, aka wuce. Tolulope Arotile ta samu fiffikenta a Oktoban 2019 rana ɗaya da Kafayat Sanni, ta tuƙa jirgi mai saukar ungulu a farmakin Gama Aiki kan 'yan bindiga a jihar Neja, mota ta kaɗe ta a sansanin sojan sama na Kaduna ranar 14 ga Yuli, 2020, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke kan hanyar filin jirgin Abuja. An fi yin mako ana musu kan yadda ta mutu, ba a yi yini guda ana bayanin abin da ta yi a sama ba, alhali ƙauyukan da take karewa namu ne. Ta farko kuwa ko yaya ta samu an kira sunanta. Abimbola Amusu ta biyo bayan Kale, ita ma manjo janar, ita ma ta shugabanci sashen lafiyar, mutum nawa suka san ta? Balle a sauko kan saje da kofur, waɗanda su ne jikin runduna.

A nan ne ake jefo maganar da ta fi ɓata mini rai: ai nas ce kawai, ai a ofis ta zauna, ba ta je daga ba. Mai faɗin haka bai san yadda aka gina runduna ba. A bayan duk sojan da ke riƙe da bindiga a bakin daga akwai na sadarwa, da na sufuri da abinci, da na rumbun makamai, da injiniya, da makaniki, da mai biyan albashi, da 'yan sandan soja, da na leƙen asiri, da na asibiti. Namijin da ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa tankar ruwa, ko yana busa kakaki a badujala, ko yana buga takardu a ofishin kwamanda, ranar da ya ajiye kaki tsohon soja ne, ba wanda zai tambaye shi harsashi nawa ya harba. Kuma daidai ne kada a tambaye shi. To me ya sa sai ita? Kurtu mace da kurtu namiji dafo ɗaya suke shiga a Zariya, wato sansanin horar da sababbin sojoji, wata shida na horo, gudu da asuba, filin harbi, tattaki da kaya a baya. Rantsuwa ɗaya suke yi, dokar soja ɗaya ke kansu, idan ta gudu daga aiki kotun sojan da za ta hukunta shi ita za ta hukunta ta. Ranar da aka buga takardar canjin wurin aiki zuwa Maiduguri ba a tambayarta ko ta yaye ɗanta.

Kuma bari a faɗi abin da “nas kawai” ke yi, tunda an raina shi. Jinin da ke jikin babban mutum kamar lita biyar ne. Idan ya zubar da wajen lita biyu ya shiga hannun Allah. Harsashi ko ɓarɓashin bam ya tsinka babbar jijiyar cinya, cikin 'yan mintuna an gama, tun motar asibiti ba ta tashi ba. Abin da ke raba rai da mutuwa a nan shi ne wanda ya san ya ɗaura ɗamarar tsayar da jini a sama da raunin, ya murɗa har jinin ya tsaya cak ko da mai raunin na ihu, ya rubuta lokacin da ya ɗaura, domin idan ta wuce kamar awa biyu naman da ke ƙasa ya fara lalacewa, ƙafar na iya tafiya. Idan aka ɗaura sako-sako kuwa an ƙara ɓarna, don an toshe hanyar komawar jini an bar ta fitowarsa. Bayan nan sai numfashi, sai neman jijiya a hannun da ya riga ya yi sanyi don a sa ruwa, sai a rufe mutum da bargo ko da ana zafi, saboda jinin wanda jikinsa ya yi sanyi ba ya daskarewa da wuri. Idan motoci biyu suka shigo da mutum goma sha biyar a lokaci guda, gado huɗu ne, likita ɗaya ne, wani ne zai tsaya a bakin ƙofa ya yanke wa za a fara shigarwa, wa zai iya jira, wa kuma ba abin da za a iya yi masa sai a riƙe masa hannu a laƙƙana masa kalmar shahada ko a yi masa addu'ar addininsa. Daga nan a shirya wanda za a wuce da shi asibitin runduna ta 7 a barikin Maimalari, da wanda sai an kai shi 44 a Kaduna. Wadda ta yi wannan shekara da shekaru, ta koma ɗaki da jinin yara sa'o'in ƙannenta a takalmi, a ce ba ta ga yaƙi ba? Sojan da aka ɗinke ya tashi ba zai faɗi haka ba. 'Yan zaman benci ne ke faɗa.

Mu a Arewa kuma muna da namu ƙarin ciwon, wato kunya. Dubi sanarwar rasuwa da ake turawa a WhatsApp. Idan namiji ne, muƙaminsa na biye da shi har kabari: Samanja Wane mai ritaya, Kyaftin Wane mai ritaya. Idan mace ce sai ka ga: Allah Ya yi wa mahaifiyarmu Hajiya Wance rasuwa, matar marigayi Alhaji Wane, ta bar 'ya'ya shida da jikoki da dama, daga cikinsu akwai wane na ma'aikatar kaza. An ambaci aikin ɗanta, an ambaci mijin da ya rasu shekara goma da suka wuce, shekarunta ashirin da biyar a kaki an share su sarai. A coci ma, inda ake buga ɗan littafin tarihin mamaci, sau da yawa layi ɗaya ake ba wa shekarun soja, shafi biyu ga zumuntar mata. Ba mantuwa ke jawo haka ba. Har yanzu akwai gidajen da ke ganin macen da ta zauna a bariki da wando da but ta fita daga sahun matan kirki, kalmar “'yar bariki” kanta zagi ce a bakinmu, don haka 'ya'ya ke ganin sun rufa wa uwarsu asiri idan suka yi shiru.

Sai bayan sadakar uku, an zo fitar da kaya, a jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai hula da ta koɗe, wani lokaci har da shuɗiyar nan ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da bel da aka naɗe, da lambobin yabo biyu ko uku da suka yi tsatsa a bakin allura, da takardar sallama cikin leda an ɗaure ta da roba, da hoton ranar kammala horo, layi uku na 'yan mata sun ƙame, an zagaye kan ɗaya da biro. Jika ta ɗaga hoton ta ce, “Gwaggo, ashe Hajiya soja ce?” A ce mata, “Ke dai mayar, tsohon zance ne.” Matar da ta ɗauki wannan akwati daga Zariya zuwa Legas zuwa Jos zuwa Abuja ba ta jefar ba, ta san darajar abin da ke ciki, gidan ne bai sani ba.

Masu fakewa da addini a kan wannan su koma su karanta tarihin Rufaida al-Aslamiyya, wadda a tantinta aka yi jinyar Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ, da na Nusaiba bint Ka'ab a ranar Uhudu. Malaman tarihi ba su ɓoye sunayensu ba, balle mu. A nan ƙasar Hausa ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa mata marsiyya tana ambaton ayyukansu, har da maƙwabciyarta da ba 'yar sarauta ba. Muna yi wa Sarauniya Amina ta Zazzau kirari a littafin firamare, mun sa sunanta a makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai, amma 'yar maƙwabcinmu ta sa kaki mu ce ta lalace. Kuma mu ne dai muke fara ɗaga murya idan namiji ya taɓa matanmu a shingen bincike. Tun watan Yunin 2014, da mace ta tayar da bam a ƙofar barikin soja a Gombe, binciken mata a shinge da ƙofar kasuwa da sansanin 'yan gudun hijira ya zama dole. Wa zai laluba hijabin uwarka in ba mace ba? Wa matar da aka kuɓutar daga daji za ta iya gaya wa abin da aka yi mata? Da yawa daga cikin waɗanda ke wannan aiki da harshen Hausa 'yan Kudancin Kaduna ne da Filato da Bauchi da Gombe da Adamawa da Taraba da ƙasar Zuru, Kirista da Musulmi, Hausar bariki ce ta haɗa su. Muna bukatar su, muna kuma ƙyamar su.

Rabin rayuwar na biyu shi ne ma ba a ko duba shi. Wadda ta shiga tana da shekara ashirin, ko ta cika shekara 35 ɗin da ba a wuce su a aiki, tana da hamsin da biyar za ta fito, da yawa kuma tun suna 'yan arba'in suke ajiyewa. Ƙananan sojoji kan je cibiyar Oshodi a Legas su yi wata shida suna koyon sana'a kafin sallama. Ma'aikaciyar jinya kuwa lasisinta na hukumar jinya da ungozoma ne, iri ɗaya da na farar hula, don haka da ta cire kaki sai ta sa farin kaya. Ita ce za ka tarar a ɗan asibitin unguwa da ke bayan kasuwa tana karɓar haihuwa da tocila a baki idan an ɗauke wuta, ita ce mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata a makarantar kwana, ita ce shugabar mata masu bincike a ƙofar babban masallaci ko coci, ita ake buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare idan yaro ya shiɗe. Unguwa ta san ta da Mama Nas ko Anti, ta san ba ta makara, ba ta son ƙazanta, ba a yi mata ƙarya a kan kuɗin adashi. Ba a haɗa wannan hali da inda aka koyo shi. Hukumar soja ta rufe fayil ɗinta ranar sallama, wurin aikin farar hula ya buɗe nasa kamar ranar aka haife ta, babu inda aka rubuta rayuwar a haɗe.

Wannan rabuwa ba a tarihi kaɗai take ciwo ba, har aljihu take taɓawa. Tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo, Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji ke biyansu kai tsaye. Aikin farar hula kuwa yana ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya zuba kashi 10, a asusun da kamfanin fansho ke riƙewa, in ma an zuba, don ƙananan asibitocin kuɗi da yawa ba sa kula wannan. Wato mace ɗaya, fayil biyu, hukuma biyu. A nan matsalar suna ke kunno kai, kuma mata ta fi kamawa. Ta shiga soja da sunan mahaifinta. Rundunar ba ta barin sabon soja ya yi aure sai ya shekara uku a aiki, saboda haka auren a cikin kaki yake zuwa. Idan ba a buga auren da canjin sunan a takardar odar rukuninta ba, a wurin soja tana nan da sunan budurci har ta yi ritaya. A waje kuwa ta buɗe asusun banki da sunan miji, BVN ya ɗauki wannan, NIN ya ɗauki wani da aka ƙara masa Hajiya ko aka juya jerin sunayen, ranar haihuwar da ke takardar rantsuwar kotu ta saɓa da wadda aka rubuta a Zariya. Ranar tantancewa kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ce. Sai fansho ya tsaya, sai tsohuwa mai ciwon gwiwa ta fara zirga-zirga tsakanin kotu da ofishin katin ɗan ƙasa da banki da Dutsen Alhaji, kowanne ya ce sai wancan ya fara gyarawa.

Matsala ta biyu ita ce ta magaji. A ranar shiga aiki yarinya 'yar shekara goma sha tara ta rubuta sunan mahaifinta ko yayanta a matsayin wanda za a nema idan ta mutu. Shekara talatin ta wuce, mahaifin ya rasu, yayan yana wani gari, ba wanda ya tuna a sabunta takardar. A ƙa'idar fansho, wanda ya rasu kafin ya cika shekara biyar da ritaya, ana biyan magajinsa ragowar fanshon waɗannan shekaru biyar. Hukuma sunan da ke fayil ta sani. Miji da 'ya'ya su zo da takardar shaidar mutuwa a ce ba su ba ne, a koma neman takardar kula da dukiyar mamaci daga kotu, dangi su fara harara, abin da shari'a ta riga ta raba ya zama rigima. Gidan da tun farko ya ɓoye cewa uwarsu soja ce, ina zai san lambarta ta aiki, ko rukunin da ta yi ritaya a ciki, ko inda takardar sallama take? Ga inda kunyar nan ke kai mutane, su bar haƙƙin uwarsu a hannun hukuma.

Sauran wahalar kuwa tare suke sha da maza. Sashe na 173 na kundin tsarin mulki ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka duba albashin ma'aikatan tarayya, wanda ya riga zuwa. Kowa ya ga tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a Disambar 2024, suka sake komawa a Janairun 2025, kwanaki kaɗan kafin a saki tattabaru. Ƙasar da ke barin dattawa su kwana a bakin get kan haƙƙinsu ba za a yi mamaki ba idan ta manta da rabinsu gaba ɗaya. Masu cewa a fara gyara na kowa da kowa tukuna kafin a zo kan mata sun manta cewa da wannan “tukuna” aka cinye shekara sittin.

A 2025 an naɗa Grace Morenike Henry shugabar ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, wato Nigerian Legion, kuma nan take aka rera mata kirarin da aka saba, mace ta farko. Ni abin da nake jira daga ofishinta shi ne jerin sunaye: kowace mace da ta yi aikin soja a ƙasar nan tun 1961, muƙaminta, sashenta, inda ta yi aiki, shekarar da ta fita, abin da ta yi bayan nan, jiha-jiha. Fayilolin suna nan, ga rundunar mata da sojan ƙasa ya kafa a 2018, ba a rasa masu aikin ba. Hukumar fansho ta ware tebur guda na gyaran sunan mata a zauna a gama a rana ɗaya. 'Yan jaridarmu na Hausa su daina tsayawa a mazan jiya, su ce maza da matan jiya, bakinsu ba zai karye ba. Iyalai kuma su rubuta muƙamin uwarsu a sanarwa kamar yadda suke rubuta na ubansu.

Mata 20 na farko da aka ɗauka kwas ɗin hafsoshin yaƙi a makarantar NDA ta Kaduna a 2011 suna da sauran lokaci, kuma zamaninsu na hoto da intanet ne, ba za su ɓace da sauƙi ba. Waɗanda nake jin tsoro a kansu su ne na shekarun 1970 da 1980, waɗanda suka yi jinyar ragowar yaƙin basasa da masu raunin Laberiya da Saliyo. Na farkonsu sun haura saba'in. Ba wanda ya je da rikoda ya zauna da su a Mararaba ko Rukuba ta Jos ya ce, Mama, ba mu labari tun daga ranar da kika sauka a tashar Zariya. Duk wadda ta rasu a cikinsu, takardun akwatinta wuta ake sa musu tare da shara, akwatin kuma a sayar wa baban bola a kan kilo.